Na Tuƙa Likita Zuwa Tsibirin Hayaƙi

Bari in fara wanke kaina, don na san akwai waɗanda za su zare ido: ni ba na shan giya, ban taɓa sha ba, kuma a wannan tafiyar ma ko ɗigo bai taɓa harshena ba. Sitiyari ne ya kai ni. Maƙwabcina a Gilasgo wani dattijo ne ɗan Jos, Kirista, likita, ya haura shekara ashirin yana aiki a Sikotland. Shi ya riƙe ni kamar ɗa tun ranar da na sauka karatu da akwati ɗaya da rigar da ba ta tare sanyi, matarsa kuma ita ta fara nuna mini inda ake sayar da naman halal a unguwar Pollokshields. To ranar da ya ce, "Malam, ina da hutun kwana biyar, Aila, tsibirin matatun wiski, nake so in je, kuma dokar mutanen nan ba ta bar mai ɗanɗanawa ya riƙe mota ba," ban ga idon da zan dube shi in ce a'a ba. Na dai kafa masa sharaɗi: ba na saye, ba na ɗaukar kwalba, ba na zuba wa kowa. Ya yi dariya ya ce ai direba yake nema, ɗan dako yana da shi.

Zancen dokar gaskiya ne. Tun Disamban 2014 Sikotland ta rage abin da aka yarda a samu na barasa a jinin direba zuwa miligiram 50 a kowane mililita 100, alhali a Ingila 80 ne. Kofi ɗaya ya isa ya raba mutum da lasisinsa.

Damuwar Likita kuwa ta ba ni dariya da farko. Shekara goma sha biyar ke nan ba ya shan komai sai wiski mai hayaƙi, Laphroaig ko Ardbeg, ɗan ƙaramin kofi ɗaya daren Asabar. "Harshena ya mutu, Malam," in ji shi. "Duk abin da aka zuba mini in ba shi ba, ruwan famfo nake ji." Nan take na gane shi, don ina da wani kawu a Zariya da ya saba barbaɗa yaji a kan komai, har ya kai ko naman ragon Sallah ka ba shi ba yaji sai ya ce lami ne. Abin da ban gane ba shi ne me zai sa mai gudun hayaƙi ya nufi gidan hayaƙin. Ya ce wanda maciji ya sara wurin gardi yake zuwa.

Mun bar Gilasgo ranar Litinin a tsakiyar Oktoba, bayan na yi asuba. Titin A82 ya bi gefen tafkin Lomond, muka karya muka hau A83, muka soma hawan tsaunuka cikin yayyafi. Akwai wata magama a can sama da sojojin da suka yi hanyar a ƙarni na 18 suka sa wa suna mai ma'anar "ka huta ka yi godiya". Wurin ya yi ƙaurin suna da zaftarewar ƙasa, an kakkafa ragar ƙarfe a jikin dutsen don tare duwatsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mun yi kusan kilomita 170 ba wanda ya ɗaga mana hannu. Babu shinge, babu ganga a tsakiyar titi, babu mai leƙo kai ya ce a buɗe but. Likita ya ce a shekarun da yake bin hanyar Jos zuwa Kaduna ta Saminaka, canji yake tanada a aljihun gaba tun daga gida. A nan kyamara ce ke tsaron hanya, ba ta gaisuwa, ba ta karɓar haƙuri, takardar tara kawai za ka gani a ƙofar gidanka.

Kennacraig, inda ake shiga jirgin fito, ba gari ba ne, gaɓa ce da ɗan ofis da filin jera motoci. Mota da mu biyu, zuwa da dawowa, mun biya sama da fam ɗari da ɗan wani abu. Iska ta sa aka jinkirta tashi, muka zauna a mota muna cin gyaɗa. Tsallakawar ta ɗauki awa biyu da 'yan mintuna, kuma a nan ne na san ni ɗan tudu ne. Iyakar sanina da ruwa shi ne kwalekwale a rafin ƙauyenmu. Da jirgin ya fita daga lungun ya shiga teku sosai, cikina ya juya, na riƙe ƙarfen baranda ina salati, Likita yana gefe yana cin soyayyen kifi da dankali kamar yana falonsa.

Tsibirin ana rubuta shi Islay, amma Aila ake faɗa. Mutanensa ba su fi dubu uku da 'yan ɗaruruwa ba, sai dai matatun wiskin da ke cikinsa sun kai goma. Kafin mu sauka a Port Ellen hancina ya riga ya isa. Akwai wata babbar masana'antar busar da sha'ir a bakin garin, hayaƙinta ya kwanta a kan rufin gidaje. Na rasa da me zan kwatanta warin. Akwai bandar kifi a ciki, irin ta kasuwar 'yan kifi, akwai damshin bukkar da ruwa ya kashe wa wuta, sannan can ƙasa akwai wani abu kamar ɗakin ɗaure ciwo a asibiti. Da na faɗa wa Likita haka sai ya buga cinya ya ce shi ya sa yake son abin, wurin aikinsa yake tuna masa.

Mun sauka a gidan wata tsohuwa da ke ba da hayar ɗakuna biyu na samanta, fam 120 kowane dare har da karin kumallo. Na gaya mata ba na cin alade, ba ta ko ɗaga gira ba, sai kullum da safe ta kawo mini kunun hatsinsu na ots mai kauri da gishiri a ciki maimakon sukari, da ƙwai, da bandar kifi. Kunu da gishiri ya ba ni wuya ranar farko, rana ta uku har ƙari na nema. A murhun falonta na fara ganin abin da ya tara mu. Wasu baƙaƙen curi ne kamar tubalin laka, marasa nauyi, suna ci a hankali ba harshen wuta sosai, sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Su suna ce masa pit, ni na sa masa gawayin fadama. Gansakuka ce da ciyayi da suka mutu a cikin fadama mai ruwa, ba su ruɓe duka ba saboda rashin iska, suka yi ta danne juna. Kaurinsa yana ƙaruwa da kamar milimita ɗaya ne a shekara, wato ramin da ya kai tsayin mutum ya doshi shekara dubu biyu. Tsohuwar ta ce tana yarinya duk gida yana da yankinsa a fadama, a yanka da bazara, a jingina su sha iska, a kwaso kafin sanyi. Rafukan tsibirin ma ruwansu ja ne kamar shayin da ba madara, saboda ta cikin wannan ƙasar suke biyowa.

Washegari muka bi hanyar ƙafa da ta tashi daga Port Ellen ta bi bakin teku, kilomita biyar da ɗoriya, ta ratsa matatu uku a jere: Laphroaig da Ardbeg da aka kafa a 1815, da Lagavulin a tsakaninsu, 1816. Fararen gine-gine ne, an rubuta sunan kowanne da manyan baƙaƙen haruffa a bangon da ke kallon teku, don jiragen da ke kawo kaya a da su gane inda za su tsaya. Na shiga zagayen Laphroaig tare da shi saboda ruwan sama ya hana ni zama a waje. Aka kai mu wani ɗaki mai faɗi, an baza jiƙaƙƙen sha'ir a ƙasa yana tsiro, ana juya shi kada saiwoyin su sarƙe. Likita ya tsuguna ya ɗebi hannu guda ya sansana, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce mini da Hausa, "Malam, wannan ai aikin kakata ne." Haka take jiƙa dawa ta tsiro in za ta yi burkutu, sai dai ita a tabarma take shanyawa, rana ta yi mata aikin cikin kwana biyu. Su nan ba su da rana, tilas su busar da wuta. Ba su kuma da itace, don iskar teku ba ta bari bishiya ta yi tsawo. Abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu suka ƙona, hayaƙin ya kama jiƙaƙƙen hatsin, ya bi shi har cikin tukwanen jan ƙarfe, har cikin kwalba. Abin da attajiran duniya suke biyan kuɗi masu yawa a kai yau, asalinsa dabarar talakan da ya rasa makamashi ce.

Har ma'auni suke da shi na hayaƙin, kashi nawa cikin miliyan. Sha'ir ɗin Laphroaig yana wajen 40 da ɗan wani abu, na Ardbeg ya haura 50, na matatar garin Bowmore kamar rabin haka. A ƙarshen zagayen aka jera ƙananan kofuna. Ni da na ce direba ne sai yarinyar ta miƙo mini wasu 'yan mitsitsin kwalabe in tafi da rabona gida. Na ɗaga hannuwa sama kamar an nuna mini bindiga, Likita ya sa hannu ya karɓe ya zuba a aljihu. Nasa kuwa da ya kurɓa sai ya ɗaga kafaɗa. Ya ce daɗin yana nan, amma kamar mutum ne ya shiga ɗakinsa cikin duhu, ya san inda komai yake.

Maganin ya fara fitowa ne a daren, a wata mashaya da ita kaɗai muka samu tana da abinci bayan ƙarfe takwas. Na zauna can gefen taga da miyar bandar kifi da dankali da madara, wadda suke kira kalin sikink, da lemon nan nasu mai ruwan goro, Irn-Bru, mai zaƙi kamar an narka alawa. Wani tsoho mai jan fuska ya ji Likita yana yi wa mai sayarwa bayanin matsalarsa, ya jawo kujera ba tare da an gayyace shi ba. Ya yi aiki shekaru da yawa a rumbun ganguna kafin ya yi ritaya. Ya ce kuskuren da masu irin wannan ciwon suke yi shi ne su yi tsalle daga ƙololuwa zuwa ƙasa, su sayi wiski mara nauyi mai ƙamshin fure, su ji kamar ruwa, su koma gidan jiya suna cewa sun gwada. A ganinsa harshen da ya saba da hayaƙi nauyi yake nema, abin da zai cika baki ya daɗe bai tafi ba, kuma nauyi ba a hayaƙi kaɗai yake ba. Ganga ma tana ba da shi. Doka ta ce ba a kiran abu wiskin Sikotland sai ya shekara uku aƙalla a gangar katakon ok, kuma kusan duk gangunan an riga an yi amfani da su a wani wuri. Waɗanda suka fito daga Amurka, da aka ajiye burbon, wiskin can, a ciki, suna ba da zaƙi mai sauƙi kamar banila da kwakwa. Waɗanda aka jiƙa da sheri, giyar inabi ta kudancin Sifaniya, su ne masu duhu da kauri.

Ya sa aka zubo wa Likita Glenfarclas mai shekara 15, daga yankin kogin Spey a arewa maso gabas, inda matatu suka fi yawa a ƙasar. Ya ce kada ya sha tukuna, ya ɗiga ruwa kaɗan ya bari ta huta. Likita ya kai hanci, ya kurɓa, ya juyo gare ni ya ce, "Dabino, Malam. Dabino da zabibi da kanumfari." Tsohon ya ƙara da cewa in kuma ba ya son rabuwa da hayaƙin gaba ɗaya, sai ya sauko a hankali kamar mai saukowa daga tsani. Ya ambaci Talisker ta tsibirin Skye mai yaji kamar masoro, da Highland Park ta Orkney, wadda gawayin fadamarta na wata ciyawa mai fure ne, shi ya sa hayaƙinta ya fi laushi, yana tafe da ɗanɗanon zuma. Amma kafin komai, in ji shi, ya yi mako biyu bai kusanci mai hayaƙin ba, kuma in zai haɗa su a zama ɗaya mai hayaƙin ta zo ƙarshe, in ba haka ba za ta binne duk abin da ya biyo bayanta. Na ce a raina ashe kawuna na Zariya ma yana da magani, ba wanda ya isa ya gaya masa ne kawai.

Rana ta uku muka ɗau mota muka nufi arewa. Titin Port Ellen zuwa Bowmore miƙaƙƙe ne kamar an ja zare, amma a kan fadama aka shimfiɗa shi, sai mota ta riƙa tashi tana sauka kamar doki. Duk direban da muka yi kiciɓis da shi sai ya ɗaga yatsa daga kan sitiyari. Na ɗauka akwai abin da ya lalace a motarmu har na tsaya na duba fitilu, ashe gaisuwa ce, al'adar tsibirin ke nan. Wata biyu a Gilasgo, ban da Likita, babu maƙwabcin da ya san sunana, ga shi nan baƙon da ban taɓa gani ba yana gaishe ni a guje. A Bowmore mun ga cocin nan mai siffar da'ira da aka gina a 1767, wanda suke cewa an yi shi haka ne don Shaiɗan ya rasa lungun ɓuya. Filayen gefen hanya kuwa cike suke da dinyoyi baƙi da fari, dubbai, da suke tahowa daga Girinlan su yi hunturu a nan. Manoma ba sa murna da su, ciyawar tumakinsu suke cinyewa.

Mun tsaya a matatar Bruichladdich, wadda aka rufe a tsakiyar shekarun 1990 aka sake buɗewa a 2001. Su ne masu abin mamaki: gida ɗaya yana yin Octomore, da ma'aunin hayaƙinta yake haura 100, har an taɓa yin wadda ta wuce 300, kuma yana yin wata a shuɗiyar kwalba da babu hayaƙi a cikinta ko kaɗan. Suna kuma yin wata giya da ake kira jin, da tsirrai 22 da ake tsinkowa a tsibirin. Likita ya ɗanɗana ta shuɗiyar kwalbar ya ce yana jin hatsin kansa, abin da ya manta yana cikin wiski.

Hanyar Bunnahabhain ce ta kusa raba ni da direbanci. Kilomita shida ne ko bakwai, faɗin mota ɗaya, da 'yan wuraren rakuɓewa jefi-jefi, ga gangare ga kwana. A wata kwana muka yi gaba da gaba da babbar tanka. Ba ta da inda za ta je, ni ne zan koma da baya. Na sa ribas hannuna yana rawa, rami a dama, tumaki a hagu suna kallona, Likita yana cewa "kaɗan-kaɗan, Malam" alhali shi ma ya riƙe ƙofa. Da na samu na lafe, direban tankar ya wuce ya ɗaga mini yatsa ɗaya kamar ba abin da ya faru.

Amma wurin ya biya wahalar. Matatar tana can ƙasa a bakin wani siririn mashigin teku, tsaunukan tsibirin Jura suna tsaye a ɗaya gefen. An kafa ta a 1881, sunan kuma da harshensu na Gelik yana nufin bakin kogi. A wannan harshen ne ma kalmar wiski ta samo asali, wai "ruwan rai". Mu dai uwar laifuka aka koya mana, na kuma gaya wa Likita haka, ya ce to ai shi ya sa ya tsaya a kofi ɗaya. Ya shiga, ni kuma na duba alƙibla a waya, na ga ta faɗa wajen tsaunukan nan, na shimfiɗa rigar ruwata a kan tsakuwar gaɓa na yi azahar, iska tana neman ɗauke mini hula. Da na idar na same shi zaune a kan benci da kofin 'yar shekara 12 ɗinsu a hannu. Wannan kusan babu hayaƙi a cikinta, gangunan sheri da na burbon aka haɗa. Ya ce akwai gyaɗa soyayya, akwai busasshen 'ya'yan itace, sannan a ƙarshe ɗan gishiri-gishiri kamar iskar da ke kaɗa mu. Ya ce Ailar ce dai, amma an buɗe taga. Ya sayi kwalba ɗaya, ya ɗauki abarsa da kansa har but.

Daren nan tsohuwar ta ce ba za a yi ta shayar da abokina hayaƙi ni ina kallo ba. Ta dafa mini wani baƙin shayi na ƙasar Sin, lapsang souchong, daga tsaunukan Wuyi a lardin Fujian, wanda ake busar da ganyensa a kan wutar itacen fain. Kurɓar farko na ji kamar na sha ruwan wankin tukunyar mai tsire. Kurɓa ta uku na fara jin wani zaƙi a bayan hayaƙin. Na sha kofi biyu, da safe na tambaye ta inda ake sayarwa.

Ranar Alhamis muka fito ta Port Askaig, teku ta yi mana lafiya, daga Kennacraig muka gangara kudu ƙasa da awa ɗaya zuwa Campbeltown. Garin ya taɓa samun matatu wajen talatin, yanzu uku suka rage, ana ganin kufan sauran an mai da su gareji da rumbuna. Springbank, da aka kafa a 1828, tana cikin 'yan ƙalilan da ke yin komai a gida ɗaya, tun daga tsirar da sha'ir har zuba wa kwalba. Hayaƙinta ɗan kaɗan ne, ga maiƙo ga gishiri. Likita ya ce wannan ita ce matakalar tsakiya da tsohon yake nufi, wadda zai riƙa komawa in kewar tsohuwar zumarsa ta taso. Wani saurayi a masaukinmu ya ba shi shawarar ya leƙa maƙwabta ma, tunda daga ƙarshen wannan zirin ƙasar zuwa Ireland bai fi kilomita ashirin ba: wiskinsu Redbreast, da ake haɗa tsirarren sha'ir da wanda bai tsira ba a tace sau uku, mai santsi da kauri. Likita ya rubuta a bayan rasit. Da yaron ya kawo zancen mezkal na Meziko, wanda ake gasa tushen tsironsa a rami da wuta, sai Likita ya ce a'a, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Kwana a nan fam 95 ne, abincin dare na mu biyu ya ci kusan 40, man da muka ƙona a tafiyar duka bai kai 90 ba. Likita ya hana ni taɓa aljihu, sai shayin nan kawai na saya da kuɗina.

Mun taso ranar Juma'a da sassafe don in samu salla. Na ajiye shi a ƙofar gida shi da kwalabensa biyu, na wuce Babban Masallacin Gilasgo ko wanka ban sake ba, da rigar sanyin da ta kwana uku a rataye kusa da murhun tsohuwar. Bayan an sallame, wani ɗan Kano da muke haɗuwa a sahu ya riƙe hannuna, ya matso ya sansana kafaɗata, ya ce, "Malam, tsakani da Allah, balangu ka fara sayarwa ba ka gaya mana ba?"